Tuffar da Ba Ta Zuwa Kasuwarmu

A wajenmu tuffa launi biyu gare ta, ja da kore, jefi-jefi a ga mai ruwan ɗorawa. Yara ne ke bin motoci da ita a cunkoson Kano da Kaduna da Abuja, an jera ta cikin doguwar leda tana sheƙi, ita kuma ake riƙewa in za a je dubiya asibiti. Ba ta da lokaci. Da azumi tana nan, da damina tana nan, da hunturu ma haka, ɗanɗanonta kuma bai taɓa sauyawa ba. Yawancinta daga Afirka ta Kudu take tasowa, daga kwarin Elgin da na Ceres, ta yi makonni cikin kwantena mai sanyi a kan teku kafin ta sauka Legas. Ba mai tambayar sunanta, shi kansa mai sayarwar bai sani ba.

Da wannan sanin na isa Kent a watan Oktoba, wajen ƙanena da ke aiki a can tare da iyalinsa. Kent yanki ne a kudu maso gabashin Ingila, tsakanin Landan da teku, mutanen ƙasar na yi masa kirari da lambun Ingila. Daga Landan zuwa garin Faversham tafiyar sa'a ɗaya ce da 'yan mintuna a jirgin ƙasa. Tun kafin a isa, ta taga mutum zai fara ganin gonakin: layi bayan layi na gajerun bishiyoyi an ɗaure su da waya, rassa sun sunkuya saboda nauyin 'ya'ya, ga manyan akwatunan katako an ajiye a bakin kowane layi. Kaka ce ta kama. Noman nan kuwa ba na jiya ba ne. A shekarar 1533 wani mai suna Richard Harris, wanda ke kai wa Sarki Henry na Takwas kayan marmari, ya kafa babban lambu a Teynham, ƙauyen da jirgin ke ratsawa dab da Faversham, da rassan da ya shigo da su daga Faransa da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. Daga wannan lambu ake ƙirga farkon noman kayan marmari don kasuwa a Kent.

Kasuwar Faversham tana ci ranar Talata da Juma'a da Asabar, a tsakiyar gari, a gindin wani tsohon gini mai tsaye kan ginshiƙai. Ƙaramar kasuwa ce, ba hayaniya, ba ciniki, kowane abu da farashinsa a rubuce. A rumfar wata dattijuwa muka tsaya. Ta jera kwanduna a kan tebur, kowanne da ɗan kwali mai ɗauke da sunan irin da ke ciki, wani har da shekarar da aka fara saninsa. Abin da na fara lura da shi shi ne babu wadda ke sheƙi. Wata ƙarama ce ba ta cika tafin hannu ba, wata ta karkace, wata da tabo a gefe. Akwai wani kwando da na ɗauka dankali ne aka ajiye bisa kuskure, saboda ɓawon ruwan ƙasa ne, ga kaushi.

Ƙanena ya ga na kawar da kai daga kwandon. Ya ce, "Yaya, kar ka bi ta fuska. Ɗanɗana tukuna."

Dattijuwar ta ɗauki ɗaya ta yanka da 'yar wuƙa, ta miƙo mini a tsinin wuƙar. Sunan irin Egremont Russet, an fara rubuta labarinsa a 1872. Cikinta ba ya zubar da ruwa irin na tuffar da na saba, a ɗan bushe yake, ga tauri, sai wani garɗi da ke biyo bayan zaƙin ya zauna a baki. Ban taɓa tsammanin garɗi a tuffa ba. Na tsaya ina taunawa a hankali, ita kuma tana kallona tana murmushi, da alama ta saba ganin baƙi a wannan hali.

Daga nan ta ɗauko Cox's Orange Pippin, wadda Ingilishi da yawa ke ɗauka sarauniyar tuffarsu. Kafin ta yanka sai ta kai ta kusa da kunnena ta girgiza, na ji ƙwayoyin ciki suna kaɗawa. Ta ce haka ake gane Cox ta nuna. Launinta ja ne da ruwan lemo a cakuɗe, zane-zane. Zaƙi da tsami sun haɗu a cikinta ba wanda ya danne wani, sannan ga ƙamshi da ke hawa hanci tun kafin a haɗiye. Wani mai suna Richard Cox ne ya shuka ƙwayarta a lambunsa da ke Colnbrook, yamma da Landan, wajen shekarar 1825, bayan ya yi ritaya. Manoma na son kuɗinta amma suna kuka da rainonta, don bishiya ce mai laulayi, cututtukan ganye da na ɓawo ba sa barinta ta huta.

Na nuna wani suna da na gani a jikin wani tsohon kwali a gefen tebur, Discovery, na ce a ba ni ita ma. Ta girgiza kai ta ce na makara da wata biyu. A nan ne ta yi mini karatun da ya fi komai amfani a ranar. Kowane iri da lokacinsa. Discovery ce ke buɗe kaka a watan Agusta, ja ce mai ruwa, amma ba ta jure ajiya, bayan mako ɗaya ko biyu ta yi laushi ta zama gari-gari. A Satumba sai uwarta Worcester Pearmain ta shigo. Ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba na Cox ne, Egremont na biye da ita. Akwai kuma na ƙarshe, waɗanda ake tsinka a tsakiyar Oktoba ko bayan haka, amma ba a ci a lokacin. Ta yanko mini ɗaya daga cikinsu, Ashmead's Kernel, wadda aka samo a Gloucester wajen shekarar 1700. Tsaminta ya sa na runtse ido. Ta yi dariya ta ce ai da ma ba ta yanzu ba ce, a ajiye ta a wuri mai sanyi da duhu har Disamba, tsamin zai kwanta, zaƙi da ƙamshi su taso. Kafin zuwan firiji, da haka gida ke cin tuffa tun daga Agusta har zuwa Maris ko Afrilu: ba iri ɗaya ake ajiyewa ba, iri-iri ake shukawa, wannan na ƙarewa wancan na nuna.

Muka cika jaka, kowane iri a takardarsa, ƙanena na rubuta suna a jiki don kada su rikice mana.

Kusa da garin, tafiyar da ba ta kai a gaji ba ko da ƙafa, akwai gonar Brogdale. A nan gwamnatin Birtaniya ke ajiye tarin itatuwan marmari na ƙasa tun farkon shekarun 1950, lokacin da aka kwaso su daga Wisley. Irin tuffa kaɗai ya haura 2,000, ban da sauran 'ya'yan itatuwa na ƙasashen sanyi. Kowane iri bishiya biyu aka dasa, don in ɗaya ta mutu a sami ta biyu. Jami'ar Reading ce ke kula da ɓangaren ilimin tarin. Ana shiga da ɗan jagora, shi ne ke da izinin tsinka, yana tafe da wuƙa a aljihu yana yanka wa mutane.

Gani ya kori ji. Layukan sun miƙe iyakar ganin ido, kowace bishiya da lamba da suna a gindinta, kuma da wuya ka ga biyu maƙwabta sun yi kama. Akwai mai duhun ja har ta kusa zama baƙa, akwai fara sol, akwai wadda in an yanka cikinta ja ne, akwai mai girman da sai an sa hannu biyu. Ƙasa kuwa shimfiɗe take da waɗanda suka faɗo, iska duk ƙamshin nunannun 'ya'ya da na masu ruɓewa. Ɗan jagoranmu, dattijo ne mai fararen gira wanda ya ce ya yi rayuwarsa a aikin lambu, ya tsaya a gindin Knobby Russet, mai ƙuraje a duk jikinta, wadda aka sani tun 1820 daga yankin Sussex. Ban ga tuffa mai munin kama kamarta ba, kuma da aka yanka ta fi da yawa daga cikin kyawawan daɗi. Ya ba mu Pitmaston Pine Apple, 'yar ƙarama mai ruwan zinare, da ƙamshin abarba a cikinta ƙarara. Ya nuna mana Blenheim Orange da aka tsinta a Woodstock wajen 1740, da Decio, wadda ake jin asalinta na komawa zamanin Rumawa.

Tambayar da ta dame ni tun a kasuwa ita na yi masa: ta yaya iri zai yi shekara ɗari uku bai sauya ba? Amsarsa ce ta sa na fahimci abin da nake kallo. Tuffa ba ta haifar kamarta. In ka shuka ƙwayar Cox, abin da zai fito ba Cox ba ne, domin kowace ƙwaya iyaye biyu gare ta, bishiyar da ta ɗauki 'ya'yan da kuma wadda ƙudan zuma ya kwaso garin furenta. Ƙwayoyi biyar a cikin tuffa guda za su iya ba da bishiyoyi biyar mabambanta, kuma yawancinsu ƙanana ne masu tsami da bauri. Sai an yi dace ƙwarai ɗaya ke fitowa da daɗi. In an sami irin wannan, hanya ɗaya ce ta riƙe ta, wato aure. A tsakiyar hunturu, lokacin da bishiya ta zubar da ganye ta yi barci, ake yanko ɗan reshe mai kaurin fensir, a fere shi, a haɗa shi da gindin wata ƙaramar bishiya mai saiwa, a ɗaure tam har su manne. Duk wanda ya san bambancin mangwaro ɗan aure da wanda ya tsiro daga ƙwallon da aka yar a bayan gida ya riga ya gane maganar.

Ma'anar wannan ita ce duk wata bishiyar Cox da ke duniya, a Kent take ko a Niyuzilan, yanki ce ta bishiya guda ɗaya da Richard Cox ya shuka. Ita uwar iska ta kayar da ita a 1911, amma jikinta na nan yana ci gaba a hannun mutanen da ba su san juna ba, wannan ya yanka ya aura, wancan ya karɓa ya aura. Na daɗe a tsaye ina juya wannan a raina. Iri ba ya rayuwa da kansa. Ba a iya zuba shi a kwalba a ajiye kamar ƙwayar hatsi a dawo bayan shekaru. In aka sami zamani ɗaya da ba wanda ya damu ya yanki reshe, bishiyar ƙarshe ta tsufa ta faɗi, shi ke nan, ba a sake samunsa har abada. Ashmead's Kernel da ta sa ni runtse ido da safe ta iso bakina ne saboda fiye da shekara ɗari uku ba a taɓa rasa mai yin wannan ɗan aiki ba.

Labarin da ya fi daɗin ji shi ne na Bramley, tuffar girki ta Ingila, babba, kore, mai tsamin da ba a iya cin ta ɗanya, amma in ta ji wuta sai ta narke ta yi laushi, ita ake sawa cikin kek da fanke irin nasu. A 1809 wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ta shuka ƙwayoyi a bayan gidansu a garin Southwell da ke yankin Nottingham. Ta girma, ta yi aure, ta bar gidan. A 1846 wani mahauci, Matthew Bramley, ya sayi gidan da bishiyar a ciki. Bayan shekara goma wani matashi mai sana'ar dashe, Henry Merryweather, ya nemi izinin yankar rassa, mahaucin ya yarda bisa sharaɗin a sa wa tuffar sunansa. Haka sunan mai gida ya bi duniya, ita kuwa wadda ta shuka ta rasu ba ta san abin da ta bari ba. Bishiyar ta faɗi a wata guguwa a 1900, ta sake yin saiwa daga inda ta kwanta ta miƙe. Ta haura shekara ɗari biyu, wata cutar saiwa ta kama ta, kuma a 2018 Jami'ar Nottingham Trent ta sayi gidan don kula da ita.

Ba zan ce duk tsohon iri daɗi gare shi ba. Ɗan jagoran ma bai ce haka ba. Ya kai mu gindin Flower of Kent, irin bishiyar da ke gidan su Isaac Newton a Woolsthorpe, wadda ake cewa faɗuwar 'ya'yanta ce ta sa shi tunanin ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ƙasa. Tarihi gare ta, amma a baki lami ce, ta girki ce kawai. Wasu na ɗanɗana na rasa dalilin da ya sa aka taɓa shuka su. Wasu shekara guda suke yin 'ya'ya su huta shekara guda, wasu da an taɓa su sun yi tabo. Amma dalilin ajiye su ya wuce daɗin baki. Akwai Court Pendu Plat, tsohuwar tuffar Faransa, wadda ba ta yin fure sai sauran sun gama, don haka sanyin ƙarshen hunturu da ke ƙona furanni ba ya samunta. Wata ba ta kamuwa da cutar da ke addabar maƙwabciyarta. Masu ƙirƙiro sabon iri daga irin waɗannan halaye suke ɗiba. Ko Gala da ta cika kantunan duniya, wadda mu ma ita ce jar tuffarmu sau da yawa, jikar Cox ce: wani manomi a Niyuzilan, J. H. Kidd, ya haɗa Cox da wani iri ya sami 'ya, ya sake haɗa 'yar da Golden Delicious a shekarun 1930, Gala ta fito.

Su kansu Ingilishi ba su ne asalin abin ba. Kakar duk tuffar da ake ci a duniya bishiyar daji ce a tsaunukan Tian Shan, wajen birnin Almaty na Kazakistan, inda har yau akwai dazuzzukanta. Masanin tsirrai na Rasha Nikolai Vavilov ya ziyarci wurin a 1929 ya ce nan ne mafarinta, binciken ƙwayoyin halitta na baya-bayan nan kuma ya gaskata shi. Fatake ne da dabbobinsu suka yi ta jan ta yamma ta hanyar fataucin siliki, tana haɗuwa da tuffar dajin Turai a hanya. A wata gona da muka tsaya a hanyar komawa gida na ga matasa suna tsinka da jakunkuna rataye a ƙirji, suna juyewa a manyan akwatuna a hankali don kada 'ya'yan su bugu. Na ji suna wani harshe da ban gane ba. Ƙanena ya ce yawancin masu aikin kaka a gonakin Birtaniya yanzu daga Kirgistan da Kazakistan da Uzbekistan da Tajikistan suke zuwa, da bizar wata shida. Aiki ne mai wuya, a tsaye tun safe cikin sanyi da yayyafi. Ban sami zarafin magana da su ba, amma na ji wani abu a raina ganin 'ya'yan ƙasar da tuffa ta fito su ne ke tsinkar ta a nan a matsayin 'yan ƙodago.

Da yamma muka shiga wani babban kanti sayen madara, na nufi wajen kayan marmari da gangan. A tsakiyar kakar tuffa, a tsakiyar Kent, irin da ke kan kanta bai wuce a ƙirga da yatsu ba: Gala, Braeburn, Pink Lady, Granny Smith, sai Cox da Bramley a gefe. Wasu ma daga ƙasashen waje aka kawo su. Fiye da rabin tuffar da ake ci a Birtaniya shigo da ita ake yi, kuma a cikin wadda ake nomawa a gida Gala ce kan gaba.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne, kuma abin mamaki shi ne da yawa daga cikin dabarun a Kent ɗin aka haife su. A 1913 aka buɗe cibiyar bincike ta East Malling, inda aka tantance gindin da ake aura wa rassa aka ba su lamba. Wanda ake kira M9 yana hana bishiya tsawo, ya sa ta fara 'ya'ya da wuri, a tsinka daga ƙasa ba tare da tsani ba. Shi ne gajerun layukan da na gani daga jirgi, kuma shi ake amfani da shi a yawancin gonakin zamani na duniya. A shekarun 1920 wasu masana biyu a Kambirij, Franklin Kidd da Cyril West, suka yi nazarin yadda tuffa ke numfashi ko bayan an tsinke ta, suka nuna cewa in aka rage mata iskar oksijin a ɗaki mai sanyi sai nunarta ta yi jinkiri ƙwarai. An gina ɗakin ajiya na farko irin wannan don kasuwanci kusa da Canterbury a 1929. A yau ana rage oksijin daga kashi 21 cikin 100 da ke cikin iskar da muke shaƙa zuwa kashi ɗaya ko biyu, tuffar Oktoba ta kai har Yuni da ƙarfinta. Sai kuma 1973, da Birtaniya ta shiga kasuwar tarayyar Turai, Golden Delicious ta Faransa ta kwararo da araha da talla mai ƙarfi. Manoma da yawa suka kasa gasa, daga baya ma har kuɗi aka riƙa biyansu su tuge bishiyoyi. Masu kula da muhalli a ƙasar sun ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na tsofaffin lambunan masu dogayen bishiyoyi sun ɓace tun daga shekarun 1950.

Ban ga laifin manomi ba. Babban kanti yana son tuffa mai girma ɗaya, launi ɗaya, wadda za ta jure inji da mota da hannun masu taɓawa, kuma a same ta kowane wata. Wanda ya ci bashin banki ya dasa gona ba zai shuka abin da mai saye ɗaya tilo zai ƙi karɓa ba. Ban kuma raina dabarun ajiyar ba, don ba domin su ba da talaka a Landan bai ci tuffa a watan Mayu ba, mu kuwa da ba mu gan ta ba sam. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne an zaɓi waɗannan 'yan iri ne saboda hanya da sito, harshe daga baya ya zo. Mutum zai iya cin tuffa duk rayuwarsa, a Kano ko a Landan, bai san akwai mai garɗi ba, bai san akwai mai ƙamshin abarba ba, bai san akwai wadda sai an jira ta wata biyu ba. Ba a hana shi ba, ba a dai taɓa kawo masa ba.

Akwai masu ja da wannan, kuma ba da surutu suke yi ba. Ranar 21 ga Oktoba, 1990, wata ƙungiya mai suna Common Ground ta shirya Ranar Tuffa ta farko a tsohuwar kasuwar Covent Garden da ke Landan. Abin ya bazu, yanzu garuruwa da ƙauyuka da yawa na yin tasu a ƙarshen makon da ya fi kusa. Mun je ta wani ƙauye. An jera iri-iri a faranti a kan dogayen tebura, yara na juya matsi na katako ruwan tuffa na zuba, ana ba kowa a ɗan kofi. (Baƙo Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya karɓi kofi, domin ana yin giya da tuffa, musamman a Somerset da Hereford, kuma sau da yawa tebur ɗaya suke da ruwan da aka matse a take.) Inda layi ya fi tsawo shi ne teburin masu gane iri. Mutane na zuwa da 'ya'ya uku ko huɗu a jaka, da ɗan reshe mai ganye, daga wata tsohuwar bishiya da suka tarar a gidan da suka saya ko suka gada. Wasu dattawa biyu na karɓa, su juya ta, su duba gindi da hanci, su raba ta biyu su kalli ɗakunan ƙwaya, su ɗanɗana, su buɗe littattafai, wani lokaci su yi gardama a tsakaninsu. Na ga wata mata da aka faɗa wa sunan bishiyar da kakanta ya dasa, ta sa aka rubuta mata a takarda, ta ninke ta sa a jaka kamar wata takardar gado. Ta irin wannan tebur ne akan gano iri da aka ɗauka ya ɓace.

A hanyoyin ƙauye kuma akwai wani abu da ya burge ni. Za ka ga akwati a ƙofar gona cike da jakunkunan tuffa, da farashi a rubuce, da ɗan gwangwani na jefa kuɗi, ba kowa a wurin. A ƙofar wasu gidaje ma kyauta ce, an rubuta kowa ya ɗiba, don bishiya ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya. Tsofaffin iri da yawa ta nan suke fita, da ta 'yan kasuwanni irin na Faversham, domin manomin da ke da bishiya goma na Egremont ba shi da abin da zai kai wa babban kanti, amma yana da abin da zai sayar wa maƙwabta. Muddin ana zuwa ana tambayarta da sunanta, ba zai tuge ta ba.

Matar ƙanena ta nannaɗe Ashmead's Kernel ɗin da muka saya ɗaya-ɗaya a takardar jarida, ta jera su a kwali ba tare da sun taɓa juna ba, ta kai rumfar ajiya a bayan gida. Ta ce duk mako za ta duba ta cire wadda ta fara lalacewa. Ni dai na san ba zan kai Disamba a can ba. Na yi tunanin in taho da reshe gida, amma ɗan jagoran Brogdale ya riga ya kashe mini wannan zance tun a gona: ban da dokokin shiga da tsirrai, waɗannan bishiyoyi sai sun sha ɗaruruwan sa'o'i na sanyin da bai haura digiri bakwai ba kafin su farka su yi fure, abin da hunturunmu ba ya bayarwa. Akwai iri masu ƙarancin buƙatar sanyi, kamar Anna da Dorsett Golden, irinsu ne ke yiwuwa a wurare masu tudu kamar Jos, inda wasu manoma ke gwadawa.

Ƙanena ne ya ɗauki maganar. Yana da ɗan fili a bayan gida, ya je wajen masu dashe ya ba da odar a aura masa Egremont Russet a kan gindi mai matsakaicin tsawo. Sun ce a hunturun nan za su yanki reshen, ya dawo ya karɓi dashen a kaka mai zuwa, sannan ya ba ta shekara biyu ko uku kafin ta fara 'ya'ya. Sun tambaye shi ko akwai wata tuffa kusa da za ta ba ta garin fure, ya ce maƙwabcinsa na da wata tsohuwa da rassanta suka tsallako katanga, ba wanda ya san sunanta. Suka ce ya kawo 'ya'yanta guda uku da ganye a duba.